Darasi na Bakwai: Idan Kifi Ya Fara Ramewa

Manufar darasi

Bayan kammala wannan darasi, ana son ɗalibi ya iya:

1. bambanta lafiyayyen kifi da marar lafiya tun kafin mace-mace su fara;
2. bin matakai huɗu na bincike bi da bi: ruwa, abinci, zama, sannan cuta;
3. lissafa yawan ruwan kwaminsa da gishirin da ya dace da shi;
4. sanin abin da zai iya yi da kansa, da abin da dole sai an kira likitan dabbobi.

Gabatarwa

Kiwon kifi ya shigo gidajen Bauchi sosai. A Yelwa da Gwallameji da Fadaman Mada da Wuntin Dada, ba wuya ka leƙa bayan gida ka tarar da kwamin siminti, ko tankin roba da aka yanke wa kai, ko na tamfol, cike da tarwaɗa. 'Yan fansho na yi, matan aure na yi, matasa ma na yi. Wasu kuma kifin ado suke ajiyewa a akwatin gilashi a falo ko ofis ko otal. Sana'ar ba baƙuwa ba ce a wannan yanki, domin tun farkon shekarun 1950 aka kafa gonar kifi ta Panyam a maƙwabciyarmu jihar Filato, kuma yau Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen kiwon tarwaɗa irin tamu ta Afirka.

Sai dai duk inda masu kiwo suka haɗu, koke-kokensu kusan iri ɗaya ne: "Suna ci amma ba sa girma." "Duk sun zama kai, babu jiki." "Kullum da safe sai na tsinci biyu ko uku sun mutu." Abin da yawancinmu kan yi shi ne mu ruga kantin magani, mu sayo kafso, mu fasa mu zuba a ruwa. Kuɗi ya tafi, kifi kuma bai daina mutuwa ba.

Ga abin da wannan darasi yake so ku riƙe: rama alama ce, kuma abubuwa da yawa ke kawo ta. Sau da yawa laifin yana cikin ruwa ko cikin buhun abinci, ba a jikin kifi ba. Saboda haka bincike ake fara yi, magani ya biyo baya.

1. Koyon kallon kifi

Kifi ba ya kuka, ba ya tari. Wanda bai saba tsayawa ya dube shi a tsanake ba, ba zai san yana ciwo ba sai ya ga gawa. Lokaci biyu suka fi dacewa da dubawa: da sassafe kafin rana ta fito, da lokacin ba da abinci.

Lafiyayyar tarwaɗa, da zarar abinci ya taɓa ruwa za ta taso da ƙarfi, ruwan ya ruɗe da fantsama. Takan leƙo sama ta shaƙi iska, nan da nan ta nutse. Fatarta sumul take da yauƙi daidai kima, gashin bakinta a miƙe, cikinta fari tas.

Marar lafiya kuwa tana nuna ɗaya ko fiye daga cikin waɗannan:

- tsayuwa a tsaye a saman ruwa, kai sama wutsiya ƙasa, ba motsi;
- ware kanta a lungu, ko zuwa ga abinci ta ɗauka ta tofar;
- goga jiki da bango ko da ƙasan kwami;
- koɗewar launi, ko yin baƙi fiye da sauran;
- gyambo, jan tabo, kumburin ciki, ko guntulewar gashin baki da fiffike.

Rama ta fi bayyana idan an dubi kifin daga sama. Ƙashin kai ba ya ramewa, nama ne ke zagwanyewa, don haka sai ka ga kai ya yi faɗi, jiki ya tsuke daga bayan kai har wutsiya, ciki ya shafe.

Ido kan yi kuskure, sikeli ba ya yi. Duk mako biyu ku kamo kifi 20 ba tare da zaɓe ba, ku auna su a bokiti mai ɗan ruwa, ku cire nauyin bokitin da ruwan. Idan nauyinsu kilo 2 ne, kowane ɗaya giram 100 ke nan. Ku rubuta a littafi da kwanan wata. In bayan mako biyu kuka sake aunawa kuka sami kilo 2.1, to kowane kifi giram 5 kacal ya ƙara, kuma akwai matsala ko da babu wanda ya mutu. Tarwaɗar da ke samun ruwa mai kyau da abinci mai kyau takan kai kilo ɗaya cikin wata biyar zuwa shida.

2. Mataki na farko: a binciki ruwa

A cikin ruwa ɗaya kifi yake numfashi, yake ci, yake kashi. Duk abin da ya taɓa ruwan ya taɓa lafiyarsa. Abubuwa biyar za ku duba.

*Zafi da sanyi.* Zafin jikin kifi daidai yake da na ruwan da yake ciki. Tarwaɗa ta fi girma idan ruwa na tsakanin digiri 26 da 30. Da ya sauko ƙasa da 20, cin abincinta zai ragu ƙwarai, cikinta ya yi jinkirin narkar da abin da ta ci, garkuwar jikinta ta yi rauni. A Bauchi, daren Disamba da Janairu sanyi kan sauko ƙasa da digiri 15, kuma tankin roba da na tamfol da ke tsaye a fili sun fi kwamin da aka haƙa a ƙasa saurin yin sanyi. A hunturu ku ƙara zurfin ruwa, ku rufe tanki da leda ko tamfol da dare, amma ku bar sarari tsakanin ruwa da murfi domin tarwaɗa sai ta leƙo ta shaƙi iska. A bazara kuwa, Maris zuwa Mayu, inuwa ake nema.

*Amoniya.* Wannan guba ce da ke fitowa daga jikin kifi, da kashinsa, da abincin da ya ruɓe a ƙasan kwami. Ba a ganinta da ido. Tana ƙona gaɓar numfashi, wato jan naman nan mai tsefe-tsefe da ke ƙarƙashin murfin gefen kai, ta kashe wa kifi sha'awar abinci. Dafinta yana ƙaruwa idan ruwa ya yi zafi. Wari, kumfar da ba ta fashewa, da ruwa mai kauri duk gargaɗi ne. Akwai 'yar'uwarta da ake kira naitirait, wadda ke hana jini ɗaukar iska har gaɓar numfashi ta koma ruwan ƙasa.

*Iskar oksijin.* Ta fi ƙaranci gab da asuba. Babbar tarwaɗa na da wata gaɓa a cikin kai da take shaƙar iskar sarari da ita, shi ya sa take jure abin da zai kashe karfasa cikin dare ɗaya. Wannan juriyar ce ke yaudarar masu kiwo: kifin bai mutu ba, amma ƙarfin da ya kamata ya zama nama ya ƙare wajen neman numfashi. Ruwan rijiyar burtsatse yana fitowa da ƙarancin iska, saboda haka a riƙa zubo shi daga sama yana fantsama.

*Kulorin.* Ruwan famfo na garin Bauchi daga madatsar ruwa ta Gubi yake zuwa, kuma ana sa masa kulorin don kare lafiyar mutane. Alheri ne gare mu, amma guba ne ga kifi. A tara shi a buɗaɗɗen mazubi ya kwana ɗaya ko biyu kafin a zuba wa kifi.

*Tsami da kanwa.* Ma'aunin wannan shi ake rubutawa pH, kuma kifi ya fi son tsakanin 6.5 da 8.5. Sabon siminti yana sa ruwa ya yi kanwa har ya saɓule fatar kifi. Sabon kwami sai an jiƙa shi ana zubar da ruwan ana sakewa na kimanin mako biyu kafin a sa kifi.

Idan kuna zargin ruwa, ku dakatar da abinci na yini ɗaya, ku janye dattin ƙasa, ku sauya kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin ruwan. Kada a zubar da shi duka a cika da sabo mai sanyi farat ɗaya, domin sauyin gaggawa shi ma yana jikkata kifi. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa, kwana biyu sai ka ga kifi ya dawo cin abinci.

3. Mataki na biyu: a binciki abinci

Tambayoyi huɗu za ku yi wa kanku.

*Yana isar su?* Ƙananan kifi na bukatar abincin da ya kai kashi 3 zuwa 5 cikin 100 na nauyinsu kowace rana, manya kuma wajen kashi 2. Misali, kifi 500 masu giram 100 kowanne, nauyinsu kilo 50 ne. Kashi 4 cikin 100 na kilo 50 shi ne kilo 2 a rana, a raba shi sau biyu ko uku. Tsadar abinci kan sa mutum ya rage mudu, ya ce yana tattali. Gara a rage yawan kifin a ciyar da sauran sosai.

*Ya dace da bakinsu?* Ƙwayar abinci hawa-hawa ce: milimita 2, 3, 4, 6, har 9. In ta fi ƙarfin bakin ƙanana, manya ne kaɗai za su ci.

*Yana gina jiki?* Tarwaɗa mai cin nama ce. Abincinta na bukatar sinadarin gina jiki wajen kashi 40 cikin 100 ko fiye tana ƙarama. Dusa da tuwon da ya kwana suna cika ciki, amma ba sa yin nama. Mai haɗa abinci da kansa dole ya sa garin kifi, da waken suya da aka soya ko aka dafa, da haɗin bitamin.

*Yana da lafiya?* Ku buɗe buhu, ku cusa hannu har tsakiya, ku ɗebo ku shinshina. In kun ji ɗumi, ko ya dunƙule, ko yana warin tsami, ko kun ga fumfuna kore ko fari, kada ku ba kifi. Fumfunar da ke kama gyaɗa da tunkuza da masara tana fitar da guba mai suna afulatoksin, wadda ke lalata hanta a hankali, kuma dafuwa ba ta kashe ta. An gano ta ne bayan da talotalo sama da 100,000 suka mutu a Ingila a 1960 sakamakon cin abincin da aka haɗa da garin gyaɗa mai fumfuna. A damina, musamman Agusta, hatsarin ya fi yawa. A ɗora buhu a kan katako, nesa da bango, kada a sayi abin da ya wuce na wata ɗaya.

Tsohon abinci kuma yana rasa bitamin C, domin zafi da daɗewa na lalata shi. Tarwaɗar da ta rasa wannan bitamin kan sami tsagewar ƙashin kai ko karkacewar baya. Wannan ba annoba ba ce, ba ta yaɗuwa, kuma kafso ba ya warkar da ita. Sabon abinci da ƙarin bitamin C su ne magani.

4. Mataki na uku: a binciki zama

A kowane zubi na tarwaɗa akwai 'yan kaɗan da ke zarce sa'o'insu girma. Su ne ke cinye abinci, su ciji na ƙasa da su, wani lokaci ma su haɗiye su ɗungurungum. Idan kun ga manya sun yi ɓul-ɓul, ƙanana sun rame da tabon cizo a wutsiya, to yunwa ce da danniya. A tace su gwargwadon girma duk mako biyu a watanni biyun farko, da sassafe, kafin a ba su abinci, da hannu a jiƙe. Ku tuna kuma cewa kwamin da ya ishi 'ya'yan kifi 500 a watan farko ba zai ishe su a wata na huɗu ba.

Karatu: ziyarar malamin gona

Wata uwargida ce da tankunan roba biyu a tsakar gidanta. A watan Janairu ta ga kifinta na ramewa, sai ta aika aka kira malamin gona.

"Sannu da zuwa, Malam. Ka ga abin da nake fama da shi. Sati biyu ke nan ba sa ci, har na fasa musu kafso goma."

"Allah ya sawwaƙe, Hajiya. Da wane lokaci kike ba su abinci?"

"Da na idar da sallar asuba."

Malam ya tsoma ma'aunin zafi a ruwa, ya nuna digiri 18. Ya zura hannu ƙasan tanki, ya ɗebo abinci jiƙaƙƙe mai wari.

"Hajiya, dubi nan. Sanyi ya hana su ci, abincin ya kwanta ya ruɓe, ruwan ya lalace. Yau kada a ba su komai. Da hantsi a janye dattin, a sauya rabin ruwa da wanda aka jawo daga burtsatse yanzu-yanzu, don ya fi na tankin ɗumi. Daga gobe sai bayan azahar za ki ba su, rabin abin da kika saba. Da magariba a rufe tankin."

"To maganin fa, Malam?"

"Ranki ya daɗe, maganin ke nan. In an kwana huɗu ba su farfaɗo ba, sai mu kai biyu wurin likita."

5. Mataki na huɗu: a binciki cuta

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yawancin ƙwayoyin cutar kifi suna nan cikin ruwa kullum, ba sa iya yin komai sai ƙazantar ruwa ko yunwa ko rauni sun raunana kifin. Shi ya sa muka bar su a ƙarshe. Ga waɗanda aka fi gani.

*Farin ɗigo.* Ƙananan fararen ɗigogi ne a fata da fiffike, kifi na ta goga jiki. Ƙwayar tana ɓuya a ƙarƙashin fata inda magani ba ya kai mata. In ta ƙoshi sai ta faɗo ƙasan kwami, ta rarrabu zuwa ɗaruruwan 'ya'ya, su bazu neman wani kifin. Waɗannan 'ya'yan kaɗai magani ke kashewa. Don haka ba a daina magani ranar da ɗigon ya ɓace, sai an ci gaba kwana 10 zuwa 14, a lokacin sanyi ma fiye.

*Ƙwarin fata da na gaɓar numfashi.* Ba a ganinsu sai da madubin likita. Alamarsu yauƙi mai yawa launin toka, da goga jiki, da wahalar numfashi. Sun fi addabar 'ya'yan kifi.

*Tsutsar ciki.* Nan ne kifi ke ci sosai amma yana ramewa. Akwai tsila mai faɗi, akwai siririya mai kama da zare. Sun fi yawa a kududdufin ƙasa da kifin da aka kamo daga rafi ko dam, domin ƙananan halittun ruwa da katantanwa da tsuntsaye masu cin kifi irin su zalɓe ne ke yaɗa su. Ba kifi ɗanyen hanjin wani kifi hanya ce ta shigo da su gida.

*Bakteriya.* Jan tabo a ciki, gyambo mai zurfi, ciki ya kumbura da ruwa, ido ya fito: yawanci aikin wata ƙwaya ce da likitoci ke kira Eromonas. Wata kuma kan ci gashin baki da fiffike, ta bar farin tabo a gadon baya. Sukan biyo bayan jigila, ko tacewa da gaggawa, ko ƙazamin ruwa.

*Farar auduga.* Fumfuna ce da ke tsirowa a kan rauni, ta fi yawa a hunturu.

*Tarin fukan kifi.* Kifi ya yi ta ramewa wata da watanni, launi ya koɗe, baya ya karkace, in an buɗe cikinsa a ga ƙananan ƙulli-ƙulli farare a hanta da saifa da ƙoda. An fi ganinsa a kifin ado. Wani masani mai suna Joseph Aronson ne ya fara gano ƙwayarsa a 1926, a gidan ajiye kifaye na Filadelfiya a Amurka. Ba shi da maganin da za a dogara da shi, sai dai a cire kifin a wanke mazubin. Yana iya shiga jikin mutum ta yanka ko tsaga a hannu, ya zama ƙurjin da ya ƙi warkewa. Mai rauni a hannu ya sa safar roba, kuma wanda ya ga irin wannan ƙurji ya je asibiti ya faɗa wa likita cewa yana taɓa ruwan kifi.

Kuna iya duba cikin kifi da kanku. Ku ɗauki wanda ya mutu yanzu-yanzu, ba wanda ya kwana ba. Ku ɗaga murfin gefen kai: lafiyayyar gaɓar numfashi ja ce jawur, ba fari-fari ko ruwan ƙasa ko mai yauƙi ba. Ku tsaga ciki da reza daga mafitar kashi zuwa ƙirji. Ku dubi hanta, ko ta koɗe ta yi rawaya ko tana farfashewa. Ku dubi ko akwai ruwa mai jini-jini a cikin ciki. Sannan ku tsaga hanji bisa tsawonsa a cikin faranti mai ɗan ruwa. Hanji wayam da maɗaciya a kumbure na nuna kifin ya daɗe bai ci ba. In akwai tsutsa za ku gan ta tana motsi.

6. Magani

*Keɓewa.* A ware marasa lafiya a wani mazubi, da ragarsu da bokitinsu daban. Gawa a binne ta da zurfi ko a ƙone ta. Ba a jefa wa sauran kifi, ba a kai ta kasuwa.

*Gishiri.* Shi ne maganin farko, ga arha ga sauƙin hatsari. Yana taimakawa ga farin ɗigo da ƙwarin fata da farar auduga, yana rage dafin naitirait, yana sauƙaƙa wa kifi mai gyambo. Hanya biyu ce. Ta farko, a sa giram 2 zuwa 3 a kowace lita ta ruwan kwami, a bar kifin a ciki kwanaki. Ta biyu, wanka a baho: giram 10 a kowace lita na minti 10 zuwa 15, kuna tsaye kuna kallo, duk wanda ya fara kifewa a cire shi nan take.

Sai an san yawan ruwa kafin a san yawan gishiri. A auna tsawo da faɗi da zurfin ruwan da mita, a ninka su, sannan a ninka da 1,000. Kwami mai tsawon mita 3, faɗin mita 2, zurfin ruwa mita 0.8: 3 × 2 × 0.8 = 4.8, sau 1,000 ya zama lita 4,800. A giram 2 kowace lita, gishiri giram 9,600 ke nan, wato kilo 9.6. A narkar da shi a bokiti tukuna, a zuba kaɗan-kaɗan a zagaye. In an sauya rabin ruwa, rabin gishirin kawai za a mayar.

*Magungunan likita.* Gishiri ba ya kashe tsutsar ciki. Tsila tana jin firazikwantel, maganin nan da ake ba masu tsargiya. Siririyar tsutsa kuma lebamisol ko fenbendazol ake ba ta. Ciwon bakteriya ana yi masa maganin kashe ƙwayoyi irin su oksitetrasakilin, yawanci a cikin abinci, na adadin kwanakin da likita ya yanka. Awon waɗannan ya danganta da nauyin kifi da yawan ruwa, don haka likitan dabbobi ne zai faɗa, ba maƙwabci ba. A sayi mai lambar NAFDAC, a duba ranar lalacewarsa.

Dokoki uku ne ba a karyawa. Kada a ba da maganin kashe ƙwayoyi "don rigakafi", kada kuma a yanke shi a tsakiya, domin haka ƙwayoyin cuta ke koyon jure magani, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana gargaɗi a kai. Kada a sayar ko a ci kifi sai maganin ya fita daga jikinsa: ga oksitetrasakilin a jira aƙalla kwana 21 bayan rana ta ƙarshe. Kada a yi amfani da kuloramfenikol ko furazolidon ko koren sinadarin malakayit ga kifin da za a ci, domin ƙasashe da yawa sun haramta su saboda illarsu ga mutum. Kifin da kuka kai kasuwar Muda Lawal ko ta Wunti a tukunyar wani zai ƙare, yaransa su ci. Sayar da shi da magani a jiki algus ne, kuma cin amana ne.

7. Kifin ado a akwatin gilashi

Matakan nan huɗu su ne dai, sai dai ruwan kaɗan ne, yana saurin lalacewa. Yawan ciyarwa shi ne kuskuren da ya fi kashe kifin ado: a ba su abin da za su cinye cikin minti biyu ko uku. A sauya kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk mako da ruwan da ya kwana. Soson na'urar tace ruwa yana ɗauke da ƙwayoyi masu amfani da ke cinye amoniya, don haka a ɗauraye shi da ruwan da aka ɗebo daga akwatin, kada a wanke da ruwan famfo ko sabulu. In an ɗauke wuta na tsawon lokaci, a dakatar da abinci, a riƙa ɗiban ruwan da kofi ana zubo shi daga sama.

Idan kifin ado na ramewa, a dubi kashinsa. Fari mai tsawo kamar zare yakan nuna ƙwayar cuta a hanji. Jajayen zare da ke leƙowa daga mafitar kashi kuwa tsutsa ce. Wasu kifayen ado da tsirran ruwa ba sa jure gishiri, a tambaya kafin a sa.

8. Inda za a nemi taimako

A fara da malaman gona na Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Jihar Bauchi, wato BSADP, da asibitin dabbobi na gwamnati. Akwai malaman kiwo a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kwalejin Aikin Gona ta Jihar Bauchi da ke Yelwa. Manyan cibiyoyin ƙasa su ne Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi da ke Vom kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, da Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi da ke New Bussa a jihar Neja.

In za ku je, ku tafi da kifi biyu ko uku marasa lafiya da ransu a bokiti, da ruwan kwami a kwalba mai tsabta daban, da ɗan abincin da kuke ba su, da littafinku. Ku faɗi gaskiyar duk maganin da kuka riga kuka zuba.

Taƙaitawa

Rigakafi ya fi magani. A sayi 'ya'yan kifi daga wurin da aka yarda da shi, a keɓe sababbi na aƙalla mako biyu kafin a haɗa su da na gida. A kula da ruwa kullum, a adana abinci a busasshen wuri, a tace kifi, a auna su, a rubuta. Idan rama ta bayyana, a bi matakai bi da bi: ruwa, abinci, zama, cuta. Gishiri da sauya ruwa aikinku ne, sauran magunguna aikin likita ne.

Tambayoyi

1. Kawo alamomi huɗu na tarwaɗa marar lafiya.
2. Me ya sa kifi ke rage ci a Disamba da Janairu? Me ya kamata a yi?
3. Me ya sa ba a zuba wa kifi ruwan famfo kai tsaye?
4. Kwami na da tsawon mita 4, faɗin mita 2, zurfin ruwa mita 1. Lita nawa ke ciki? Kilo nawa na gishiri za a sa a kan giram 3 kowace lita?
5. Kifi 300 ne, kowanne giram 200. Kilo nawa na abinci za a ba su a rana a kan kashi 3 cikin 100?
6. Me ya sa ake ci gaba da maganin farin ɗigo bayan ɗigon ya ɓace?
7. A labarin ziyarar malamin gona, me ya hana kafso yin aiki?

Aikin gida

Ku ziyarci mai kiwon kifi a unguwarku da sassafe, bayan kun nemi izini. Ku auna kwaminsa ku lissafa yawan ruwan. Ku tambaye shi inda yake samun ruwa, da sau nawa yake sauyawa, da inda yake ajiye abinci. Ku tsaya ku ga yadda kifin ke karɓar abinci, ku rubuta abin da kuka gani cikin jimloli biyar, ku kawo aji mako mai zuwa mu tattauna.